Mun Je Kaduna Neman Fuskar Gwaggo

Kafin in fara ina neman afuwa. Tafiyar nan ba ta daɗe ba, amma an yi ta cikin zafin bazara da hayaniya, ni kuma mafi yawan lokacin hankalina ba a kwance yake ba. Mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini, mai yiwuwa kuma na sa wa wani maganar wani a baki. Inda na tabbatar zan ce na tabbatar, inda nake shakka ba zan ɓoye ba.

Mun tashi da asuba daga Funtua wata ranar Talata, mu uku: ni, da Gwaggo, yayar mahaifina, da wani maƙwabcinmu direba da ya ɗauke mu a ƙaramar motarsa. A but ɗin motar akwai kwali guda na man kitso. Saboda man nan aka yi tafiyar, don haka bari in yi bayaninsa.

Tun ina yaro Gwaggo take haɗa man kitso a gida, da man kaɗe da man kwakwa da kanumfari da wasu abubuwan da ba ta faɗa wa kowa. Da sana'ar ta bunƙasa aka fara zuba shi a gwangwani, sai ta ce a manna hotonta a jiki, domin da yawa cikin masu saye ba sa karatu, amma kowa yana gane fuska. Hoton da aka samu a lokacin shi ne wanda ta ɗauka na fasfo za ta aikin Hajji, inda mai hoto ya hana ta murmushi. Ita kuwa ta bi umarninsa fiye da yadda ya nema. Haka man ya samu suna, kowa yana ce masa mai hoton Hajiya.

Fiye da rabin abin da take haɗawa Kaduna yake tafiya, wurin wata dillaliya a Badarawa wadda take raba wa masu kitso. Tun bara dillaliyar ta rage saye, daga baya ta daina baki ɗaya, ba tare da ta ce uffan ba. Matan da suke soya wa Gwaggo kaɗanya suna niƙawa suka koma zaman jira, tukwane suka yi sanyi. Ana nan sai wata 'yar uwarmu ta zo suna daga Kaduna, ta ce can ana ta maganar man Hajiya ya lalace tun da ta yi kuɗi. Gwaggo ta ce abu biyu aka ƙaga mata, domin man bai lalace ba, kuɗin ma ba ta gan su ba. Ta ce za ta je ta gani da idonta, in Kaduna ta kuɓuce to sai dai ta kife tukwane ta sallami matan. Ta zaɓe ni in raka ta saboda na yi jami'a. Na yi mata bayani cewa labarin ƙasa na karanta, ba shari'a ko kasuwanci ba. Ta ce to madalla, ashe zan san hanya.

Hanyar Funtua zuwa Zariya ba ta da laifi da sassafe, sai dai manyan motoci da ramuka nan da can. Mun wuce Giwa gari yana wayewa, mangwaro jibge a bakin titi, masu shi ba su ma gama fitowa ba. Direbanmu mutum ne mai son bayani. Da motar ta fara wani ƙara a ƙasa na tambaye shi ko lafiya, sai ya ce ai sabon ƙarfe ya sa, kuma kayan mota yanzu hawa uku ne: akwai orijina, akwai mai bi masa, akwai kuma wanda in ka ɗaura sai ka riƙa addu'a. Na tambaye shi wanne ya sa mana. Ya ce in ci gaba da lazimina.

Kafin Shika muka tarar da shingen bincike na jami'an tsaro. Tun daga nesa na fara shirya amsar da zan bayar game da kwalin, na tsara ta daga farko har ƙarshe. Jami'in ya buɗe but, ya ɗauki gwangwani ɗaya ya jujjuya, ya ce matarsa tana amfani da irinsa, amma nata yana ƙyalli. Ya rufe ya ce mu tafi. Amsata ba a buƙace ta ba. Gwaggo kuwa na ga ta gyara zaman mayafinta.

A Kwangila muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance sosai idan aka kwatanta da zamanin da nake ɗalibi a garin, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Muna ci rediyon mota yana labarin harajin da Amurka da China suke ɗora wa kayan juna. Direba ya ce shi ya gane maganar sarai: duk kwantenar da aka hana shiga can, juyowa take yi ta nufo mu. Na ce masa al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, ko da yake ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a maganarsa ba. Ya ce to ai mun yarda da juna ke nan.

Daga Zariya titin ya buɗe. Muka wuce Jaji da Maraban Jos, rana ta fara dukan gilashi, muka shigo Kawo da hantsi. Direba ne ya ba da shawarar a fara da nan, tunda Talata ce ranar kasuwar. Wanda bai taɓa zuwa ba, kasuwa ce da take malalowa har bakin titi: buhunan masara da dawa, doya, kaji a keji, gwanjo, tukwane, masu turin baro suna ihun a ba su hanya. Za ka ji Kananci da Sakkwatanci da Zazzaganci a rumfa ɗaya, a gefe kuma ana ciniki da Turancin kasuwa. Muka bar motar nesa kaɗan, Gwaggo ta jefa gwangwani ɗaya a jakarta, muka nufi layin masu kayan shafa.

Ba mu sha wahalar nema ba. Rumfar farko, ta wani Bakano mai fara'a, Gwaggo ta tambaya ko akwai mai hoton Hajiya.

"Akwai, Mama. Orijina, kai tsaye daga kamfani."

Ya miƙo mata. Gwangwanin irin namu ne, sunan ma namu ne, mayafin da ke hoton ma na Gwaggo ne, na san shi. Amma matar da ke ciki ta rage shekaru masu yawa, ta yi haske, tsagen fuskarta ya dushe, tana murmushi har da haƙorin Makka. A gefe an manna wata sitika mai walƙiya, an rubuta a guji jabu. Kuɗinsa kuma, in ban manta ba, bai kai kashi biyu cikin uku na namu ba.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Sannan ta zaro nata daga jaka ta ajiye kusa da shi. Mai rumfar ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Mama, a ina kika sayi wannan? An cuce ki. Wannan ai shi ne na ƙauyen da aka ce mu yi hattara da shi. Dubi fuskar ma, kamar wadda aka yi wa sata."

"Fuskata ce," in ji Gwaggo. "Ni ce Hajiyar."

Ya dube ta, ya dubi gwangwaninmu, ya sake dubanta. Na ga alamar mutum ne mai adalci, domin bai yi gaggawa ba.

"Allah ya ja kwana, Mama, kin yi kama da ta jikin jabun, wannan ban musa ba. Amma Hajiyar kamfani daban ce."

Ban san lokacin da mutane suka taru ba. Aka riƙa miƙa gwangwanayen biyu hannu zuwa hannu, kowa yana kwatantawa da fuskar Gwaggo, kuma duk wanda ya tabbatar da kamar sai ya ƙara ja da baya. Can sai ga wani dattijo daga kwamitin kasuwa, da 'yar sanda a hannu. Ya saurari mai rumfa, ya juyo gare ni, ina jin don ya gan ni da tabarau, ya tambaya ko muna da irin wannan da yawa. Ni ban iya ƙarya ba, musamman in an tsare ni da ido. Na ce akwai kwali guda a mota. Wurin ya ɗauki salati.

Ya ce to in faɗa masa tsakani da Allah, namu yana da rajista da hukuma? Na ce maganar rajista muna kan shirinta, kuma a iya fahimtata rashin rajista ba ya mayar da abu jabu, ko da yake ba zan so in yanke hukunci a fannin da ba nawa ba. Ina tsaka da wannan Gwaggo ta taka mini ƙafa. Dattijon ya ce a je a ɗauko kwalin.

Direba ne ya fitar da mu. Ya ja dattijon gefe, amma da muryar da kowa zai ji, ya ce wannan baiwar Allah maƙwabciyarsa ce, wasu marasa tsoron Allah ne suka sayar mata da kwalin, abin ya taɓa ta har take ganin kamar ita ce a jiki. Ya ce yanzu so muke mu san inda kamfanin gaskiya yake, mu je mu kai ƙara. Nan take fuskoki suka sauya. Aka shiga yi wa Gwaggo jaje, wata mata ta ce Allah ya mayar da alheri, mai rumfar ya kwatanta mana wurin dalla-dalla: a Kurmin Mashi yake, wani Alhaji ne yake kawo musu da keke mai ƙafa uku. Har ruwan leda ya saya mata. Haka Gwaggo ta fita daga kasuwar Kawo ana yi mata addu'ar samun sauƙi. Ban goyi bayan ƙaryar direba ba, na kuma faɗa masa a mota. Sai dai ban faɗa da ƙarfi ba.

Gwaggo ta ce kafin Kurmin Mashi a kai ta Badarawa. Unguwa ce mai cunkoso, lunguna ƙanana, kusan kowace ƙofa da abin sayarwa: nan injin markaɗe, can shagon tela, gaba kaɗan mai cajin waya. Motar ba ta iya shiga lungun dillaliyar ba, muka ƙarasa da ƙafa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure ni da direba, aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, da zoɓo mai sanyi wanda har yau nake tunawa. Daga baya aka ce in shigo, ai ɗan gida ne.

Na tarar suna gaisawa. Na zauna, suka ci gaba da gaisawa. An tambayi yara, an tambayi jikoki, an tambayi ciwon gwiwa, an yi ta'aziyyar mutanen da suka rasu tun bara, an koma kan zafi. Dillaliyar mace ce mai jiki da saurin dariya, amma ranar idonta yana kan tabarma. Babu wadda ta ambaci mai. Ni har na fara tunanin ko in buɗe maganar, sai na tuna ƙafata. A ƙarshe Gwaggo ta buɗe jaka ta fito da gwangwaninta, da na Kawo wanda ashe ta saya cikin hayaniyar, ta jera su a tsakiyar tabarma, ta ɗauki kofin zoɓonta.

Dillaliyar ta dube su, ta ce, "Hajiya, ba ke kika sauya gwangwani ba?"

Daga nan zance ya warware. Bara wani mutum ya zo mata da keke cike da kwalaye, ya ce Hajiya ta buɗe reshe a Kaduna, ta sabunta kaya, ta rage kuɗi, kuma ta ce a gaishe ta da kyau. Dillaliyar ta ji zafin cewa bayan zaman shekaru Gwaggo ba ta sanar da ita da bakinta ba, sai aike. Amma ta yi kawaici, ta karɓi kaya. Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa. Wata ta ce kan 'yarta ya yi ƙuraje, wata ta ce ƙamshin yana juyewa ya koma kamar kananzir. Mafi muni, wata amarya da aka yi wa kitso da shi, ana tsakiyar kamu man ya narke ya gangaro ta goshi ya ratsa kwalliyar da aka wuni ana yi. Mai kitson har yau ba ta bin ta layin gidan. Sai dillaliyar ta daina saye gaba ɗaya. Ba ta buga waya ba, domin a cewarta da wane baki za ta ce wa babba kayanki sun lalace. Gwaggo ma ba ta buga ba, domin tambayar mai saye me ya sa ka daina, a wurinta roƙo ne. Kowacce ta zauna da lambar ɗayar a waya tana jin an wulaƙanta ta.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, sai a ci gaba da ciniki. Dillaliyar ta girgiza kai. Ta ce masu kitson Badarawa da Unguwar Dosa har Malali sun yi rantsuwa ba za su ƙara taɓa gwangwani mai wannan hoton ba, ko mai murmushi ko mai ɗaure fuska. In ta kai musu namu ta ce shi ne na gaskiya, za su ce haka aka ce musu wancan karon.

Bayan azahar muka nufi Kurmin Mashi, dillaliyar ta biyo mu. Na ce wa direba ina ganin akwai hanya ta cikin gari, ya ce ta Mando ta fi sauri. Ba zan ce wane ne da gaskiya ba, tunda ɗaya kawai muka gwada. Abin da na sani shi ne mun daɗe a cunkoson shataletale, tsakanin tireloli da masu tallan burodi, wani jirgin sojan sama ya wuce ƙasa-ƙasa har Gwaggo ta sunkuyar da kai a cikin mota.

Kamfanin shago biyu ne a bayan wani gida, babu allo. Na shirya ganin mutum mai zare ido, na kuma roƙi kowa a yi magana a hankali. Wanda ya fito magidanci ne mai furfura kaɗan, da farin kaftani mai tsabta. Yana ganin Gwaggo ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya da kanta! Lale marhabin da uwar kamfani! Wallahi kin fi hoton kwarjini."

A duk faɗin kasuwancin Kaduna, shi ne baƙon farko da ya gane ta.

Ya shigar da mu, ya sa aka kawo kujeru da lemo. Na leƙa ɗaya shagon: manyan tukwane, robobin basilin, kwalaben kala da na turare. Amma murhu a kashe yake, kwalaye kuma jibge har rufi, ƙura ta hau su. Bai jira an tuhume shi ba. Ya ce Allah ne ya kawo mu, domin da ma yana shirin zuwa Funtua. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da gwangwani na uku.

Wannan ya fi nasa ƙyalli nesa ba kusa ba. Matar da ke jiki ta zama budurwa, tsagen ya ɓace gaba ɗaya, an ƙara mata gashin ido da sarƙa. Mayafin ne kawai ya rage na Gwaggo. Sitikar a guji jabu guda biyu ce, ɗaya a murfi ɗaya a gindi.

Ga yadda ya ba da labari, kuma ban da hanyar tabbatarwa. Takardun da yake mannawa a China ake buga masa su, ta hannun wani abokinsa mai zuwa saro kaya. Don a samu awo daidai sai ya aika da gwangwani guda cike da mai. Takardu suka zo lafiya. Bayan 'yan watanni sai ga kaya sun cika babbar kasuwa, gwangwani da mai da hoto duk an haɗo daga can, ana sayarwa a kuɗin da shi ko gwangwanin banza ba zai samu ba. Abokin ya rantse ba shi ba ne. Yanzu masu shaguna sun fara ce masa nasa ne jabu, Kawo ce kawai ta rage masa, ita ma don kayan ba su kai can ba tukuna.

"Hajiya, sunanmu suke ɓatawa," ya ce.

"Sunan wa?"

"Namu. Wato naki, da nake riƙe miki a nan Kaduna."

Ya ce ya je wurin lauya, lauya ya tambaye shi shaidar cewa man nasa ne, sai maganar ta tsaya. Shi ya sa yake so Gwaggo ta zo su shigar da ƙara tare, ita mai fuska, shi mai kasuwa. Ya ce ko ba komai shi ɗan ƙasa ne, a nan yake sayen basilin ɗinsa, a nan yake biyan haya, bai kamata a bar baƙi su kashe masana'antar gida ba. Na so in ce basilin ɗin ma ina zargin daga waje yake zuwa, amma ban tabbatar ba.

Gwaggo ta buɗe na China ta shinshina, ta lakata ta shafa a bayan hannu, sannan ta goge hannun da ƙyallen teburinsa. Na zaci za ta yi maganar kuɗin da ta yi asara, ko ta amaryar nan. Ba ta nan ta fara ba.

"Alhaji, kai ne ka je gidan wannan baiwar Allah ka ce na ce a gaishe ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mai ka kwaikwaya, na ji. Hoto ka gyara, ka sa mani haƙorin da ban saya ba, na ji. Har gaisuwar tawa ma jabu? Shekara guda tana fushi da ni a kan gaisuwar da ban aiko ba!"

"A yi haƙuri, Hajiya, sharrin kasuwa ne."

"To yau za ka mayar. Ka hau kekenka, duk gidan da ka kai gaisuwata ka koma ka ce ba ni na aiko ka ba. Ka ce gobe da safe ina Badarawa, mai son ganina ta zo."

Ya amince da sauri, ya tambaya maganar ƙarar fa. Gwaggo ta ce za a duba. Ya yi godiya sosai. Ina jin bai zauna da mutanen gidanmu ba, shi ya sa.

A hanyar komawa na ga wajibi ne in faɗi abin da na sani. Na ce akwai hukumomin da aikinsu ke nan, kuma ya kamata mu yi rajistar nan ko don gaba, amma masu kwantena ba mu san su ba, ba mu san inda za a same su ba, shari'a kuma tana iya daɗewa. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe, ta ce rajista in je in yi, wannan aikina ne. Sannan ta tambayi dillaliya ko tana da babban baho mai tsabta.

Mun kwana a Badarawa, ni da direba a wurin wani ɗan uwansa. Da safe na tarar an buɗe kwalinmu, an kwashe man gwangwanayen duka an juye a baho ɗaya, Gwaggo tana zaune a kujera 'yar tsugunno da ludayi a hannu. Alhajin Kurmin Mashi ya cika alkawari, ko aƙalla wani ɓangare nasa, domin masu kitso sun zo, tsakar gidan ya cika. Da yawansu ba saye ya kawo su ba, faɗa suka zo yi. Wata doguwa mai kaifin baki, wadda daga baya na ji ita ce mai kitson amaryar, ta tsaya ko zama ba ta yi ba.

"Mama, mu fa mun gaji da hoton nan. Ko a mafarki na gan shi sai gabana ya faɗi."

"Ni ma na gaji da shi, ɗiyata," in ji Gwaggo. "Zo ki sa hanci."

Ta yi musu bayani a taƙaice. Daga yau babu gwangwani, babu hoto. Man zai riƙa zuwa a bokiti, gidan nan kaɗai, kowa ta zo da robarta, ta shinshina, ta shafa a hannu, in ya yi mata a auna mata da ludayi kamar yadda aka faro tun farko. Wata dattijuwa ta matso ta lakata, ta murza tsakanin yatsu, ta ce wannan ƙamshin ta san shi. Daga nan aka fara aikawa gida a kawo robobi, wasu kuma suka ɗauki gwangwanayen da muka juye suka kankare takardar da farce. Na tsaya ina kallon ana kankare fuskar Gwaggo a gabanta, ita kuwa tana ta aunawa. Ba kowa ce ta saya ba. Doguwar ta karɓi kaɗan a murfin kwalba, ta ce a kanta za ta fara gwadawa, in ya gangaro har Funtua za ta zo. Gwaggo ta ce ta zo ko bai gangaro ba. Kafin azahar bahon ya kusa ƙarewa, dillaliya ta ce a aiko mata da bokiti mako mai zuwa.

Muna shirin shiga mota sai ga Alhajin da kekensa. Ya ce in bokitan sun iso tasha shi zai riƙa ɗauko su kyauta, don zumunci. Gwaggo ta ce Allah ya saka da alheri, muna da direba.

Mun kamo hanya rana tana tsaka. Bayan mun wuce Rigachikun na kasa haƙuri, na ce, "Gwaggo, yanzu shi ke nan kin bar musu fuskarki?"

"Wacce? Ta Kurmin Mashi ko ta China? Su riƙe 'ya'yansu, ni ban haife su ba."

Ta sa direba ya tsaya a Giwa ta sayi mangwaro, muka shiga Funtua kafin magariba. Washegari aka hura wuta a ƙarƙashin tukwane. Ba duka ba, amma an hura, matan kuma sun dawo.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, kuma ba na so in zarce iyaka. Na ga kayan jabu ba ya tsaya a kan wanda ya fara shi, domin shi ma akwai wanda ya fi shi injin bugawa. Na ga harajin da manyan ƙasashe suke jayayya a kai, ko yana da hannu a lamarinmu ko ba shi da shi, abin da ake ƙerawa a can yana iya isowa har kan amarya a Badarawa. Na kuma ga kunya da kawaici, waɗanda nake girmamawa, sun ba wani mutum shekara guda yana ciniki a tsakanin mata biyu masu waya a hannu.

Gwaggo ta ce in sanar da ku, kuma wannan na tabbatar domin ta maimaita mini: daga yanzu duk gwangwanin da kuka gani da fuskarta a jiki, ba nata ba ne. Ni dai zan ƙara da cewa akwai ragowar tsohon kaya a wasu shagunan Bakori da Malumfashi, waɗannan namu ne har su ƙare, za ku gane su da rashin murmushi.

Mutane da yawa sun shaida abin da ya faru a Kawo da Badarawa. Duk wanda yake wurin ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya rubuto a ƙasa in gyara. Mai rumfar Kawo kuma, in wannan ya iso gare ka, tsohuwar da ka saya wa ruwa lafiyarta ƙalau, kuma ita ce.